Na Gefen Hoto

A gwangwanin shayi Gwaggo Tasalla take ajiye shi,
ƙarƙashin tsofaffin rasidan haraji.
Hoto ɗaya, ya yi ja kamar an tofa masa goro.
Soja uku a tsaye, katangar bariki a bayansu.
"Na tsakiyan nan mai faɗin kafaɗa, shi ne babana Jatau."
Tun ina goye take faɗa,
har yatsarta ta cinye masa maɓalli biyu.

Tana ciki aka tafi da shi.
Abin da ya dawo Garwa ambulan ne:
hoton, da ɗan littafin soja mai bangon ƙasa-ƙasa,
sai wani cokali.

Ni tambayata ƙarama ce:
wace bataliya?
Mutum bai tafiya yaƙi shi kaɗai,
in na san ayarin, na san hanyar da ƙafarsa ta bi.

Ran Talata na hau acaɓa, na bi ta bakin Binuwai
zuwa ofishin tsofaffin soja.
Fanka ba ta juyawa.
Malam Hamajoda ya goge tabarau da gefen riga,
ya ɗora gilashi mai ƙara girma a wuyan na tsakiya.
Ga ƙugiyar jirgin ruwa an ɗinka a kwala,
ga jar dara a ka.
"Wannan duk baƙin soja ya sa ta," in ji shi,
"ba ta raba ɗan Marwa da ɗan Fallomi.
Kawo littafin."

Magatakardan Nasara ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ji,
Jatau ya fito da wasu haruffa a gaba, kamar aron hula.
A ƙasa an ce ɗan Sanagal ne,
shi da ko a mafarki bai sha ruwan Sanagal ba.
Sai layin bataliya.
Nan gara ta yi kalaci.
Ta cinye kan lambar, ta bar mana cikinta,
kuma uku da biyar cikinsu ɗaya.

In uku ce, hanya daban.
In biyar ce, wata rana daban ta ƙona masa ƙeya.
Ƙwaro bai kai ƙwayar gero ba
ya raba mini kaka gida biyu.

Malam bai ce komai ba, ya juya shafi.
Tsawo: mita ɗaya da sittin da biyu.
Alama: tsaga uku a kuncin hagu,
kunnen dama a yanke kaɗan.
Ya mai da gilashin kan hoton.
Na tsakiya dogo ne, kuncinsa sumul kamar ƙwarya.
Gilashin ya matsa. Ya ƙara matsawa.

Can gefe,
inda mai ɗauka ya datse kafaɗa guda,
wani gajere yana kallon wani abu da ba mu gani.
Tsaga uku.
Kunne da giɓi.
A bayan takardar, da fensiri mai shuɗewa,
lambobi uku a jere, ta ƙarshe ita ce ta littafin.

"Zan rubuta wa masu manyan kundaye," in ji Malam,
"amsa kan yi wata shida, in ta zo."

Na dawo da la'asar.
Gwaggo tana tsince zogale a faifai.
"Ka samo?"
Shekara tamanin tana sa wa baƙo albarka,
tana kai sunan ubanta kan fuskar ɗan wasu,
wanda ƙila nasa ba su da ko hoto.

Na ce, "Saura kaɗan, Gwaggo."
Na zauna kusa da ita, ɓangaren hagu.
Sai yau na lura
yadda take kallon gefe idan tana tunani.